Tambayar Kaikaice Game da Mutum a Harshen Ingilishi: Sigoginta da Inda Bahaushe Kan Yi Tuntuɓe

1.0 Gabatarwa

Hausawa na cewa matambayi ba ya ɓata, amma ba su ce kowace irin tambaya ce ke kai mutum gida ba. Akwai tambayar da kan buɗe bakin wanda aka yi wa ita, akwai kuma wadda kan sa ya tsuke fuska, musamman idan ta shafi wani mutum: ko wane ne shi, ina yake zaune, mece ce sana'arsa, yaya halinsa yake. Saboda haka ne harsuna suka tanadi hanyoyin da mai tambaya zai bi ya ɗan zagaya, maimakon ya tunkari abin da yake nema gaba-gaɗi. Irin wannan tambaya ce za mu kira tambayar kaikaice a wannan maƙala.

Abin da ya jawo hankalina ga wannan batu shi ne wani ɗan aikin koyarwa da na yi lokacin dogon hutu, inda na taimaka wa waɗansu ɗalibai masu shirin jarrabawar WAEC da darasin Ingilishi. Na ba su aikin rubuta wasiƙa zuwa ga aboki, su tambaye shi labarin sabon shugaban makarantarsu. Da na zo duba takardun sai na tarar da yawa daga cikinsu sun rubuta jimla iri ɗaya: "Please tell me who is he and where does he live." Ban yi mamaki ba, domin ni kaina na daɗe ina yin wannan kuskure kafin a nusar da ni. Kuma ba ƙaramin al'amari ba ne, ganin cewa ba a shiga jami'a a Nijeriya sai da kiredit a Ingilishi, kuma irin waɗannan ƙananan kurakurai su ne ke taruwa su kayar da ɗalibi.

Manufar maƙalar ita ce a bayyana sigogin da Ingilishi ke bi wajen gina tambayar kaikaice game da mutum, sannan a nuna dalilin da ya sa mai jin Hausa kan yi tuntuɓe a kansu. Duk jimlar da aka sa wa tauraro a gabanta, to, ba ta karɓu ba a daidaitaccen Ingilishi.

2.0 Tambayar Kai Tsaye da ta Kaikaice

Tambayar kai tsaye ita ce wadda ta tsaya da ƙafarta a matsayin jimla guda. Ta kaikaice kuwa ita ce wadda aka cusa cikin wata jimlar, ta zama ganga mai rataye da babbar ganga. Dubi waɗannan:

(1) Who is that man?
Wane ne wancan mutumin?

(2) Do you know who that man is?
Ko ka san wane ne wancan mutumin?

(3) She asked who that man was.
Ta tambaya ko wane ne wancan mutumin.

Misali na (1) kai tsaye ne. Na (2) da na (3) duka na kaikaice ne, sai dai aikinsu ya bambanta. A na (2) mai magana yana neman amsa yanzu, ya dai lulluɓe tambayarsa ne don ladabi. A na (3) kuwa ba ya neman amsa, ruwaito tambayar da wata ta yi yake yi. Za mu kira ta farko tambayar ladabi, ta biyu kuma tambayar ruwaya. Ginin cikinsu ɗaya ne, in ban da abin da ya shafi lokaci, wanda za mu zo gare shi a gaba.

3.0 Babbar Ƙa'ida: Jerin Kalmomi

Idan Bature zai yi tambayar kai tsaye, yakan ɗauko mataimakin aikatau ya sa shi gaban aikau, wato gaban wanda jimlar ke magana a kansa. "He is a doctor" sai ta koma "Is he a doctor?" Wannan juyi shi ne alamar tambaya a ginin jimlar Ingilishi. To, da zarar an cusa tambayar cikin wata jimla, sai juyin ya warware: kalmar tambaya ta tsaya a wurinta, amma sauran kalmomin su koma jerinsu na jimlar bayani, aikau a gaba, aikatau a bayansa. Wannan ita ce uwar ƙa'idojin, sauran duk 'ya'yanta ne.

3.1 Aikatau "be" da Mataimakan Aikatau

Idan tambayar tana ɗauke da is, are, was, were, ko ɗaya daga cikin has, will, can da makamantansu, abin da za a yi kawai shi ne a mayar da shi bayan aikau:

(4) Where is she from?
Could you tell me where she is from?
* Could you tell me where is she from?

(5) How long has Mr Brown worked here?
Do you know how long Mr Brown has worked here?

(6) When will he come back?
I wonder when he will come back.

A lura da misali na (2) da ya gabata, inda is ta faɗa can ƙarshen jimla. Kunnen ɗalibi bai saba da jin jimla ta ƙare da wannan kalma ba, don haka sai ya ji kamar ya bar maganar a rataye, ya yi maza ya dawo da ita gaba. Alhali kuwa daidai ɗin ke nan.

3.2 Faɗuwar "do", "does" da "did"

Idan jimlar bayani ba ta da mataimakin aikatau, Ingilishi yakan aro do, does ko did domin a sami abin da za a juya. "He lives in Leeds" ta zama "Where does he live?" Tun da a tambayar kaikaice ba a juyi, ba a bukatar wannan ɗan aro, sai ya faɗi, alamar da ya ɗauke ta koma jikin aikatau:

(7) Where does he live?
Do you know where he lives?
* Do you know where does he live?
* Do you know where he live?

(8) Why did she resign?
I'd like to know why she resigned.

Kuskure na biyu a (7) ya cancanci a dube shi. Ɗalibin ya yi daidai da ya zubar da does, amma ya manta cewa harafin s da ke jikinta ajiya ce aka ba ta, dole a mayar wa aikatau kayansa. Haka ma did take ɗauke da shuɗaɗɗen lokaci, in ta tafi sai resign ta koma resigned.

Shi wannan do ba tsohon ɗan gida ba ne a tambayar Ingilishi. A zamanin Shakespeare, wanda ya rayu daga 1564 zuwa 1616, ana iya juya aikatau ɗin kansa a sa shi gaban aikau ba tare da wani mataimaki ba, kuma sigogin biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Wani masanin harshe ɗan ƙasar Suwidin, Alvar Ellegård, ya bi diddigin al'amarin a littafin da ya wallafa a 1953, ya nuna yadda amfani da do a tambaya ya bunƙasa ƙwarai a ƙarni na 16. Wanda ya san cewa don juyi aka shigo da kalmar, ba zai yi mamakin ɓacewarta a inda babu juyi ba.

Sai dai takan zauna inda akwai korewa, domin a nan aikinta daban ne: "Why doesn't he speak?" takan koma "I wonder why he doesn't speak." Ko a nan ma ta koma bayan aikau.

3.3 Idan "who" Ita ce Aikau

Akwai tambayoyin da tun asali ba a yi juyi a cikinsu ba, saboda kalmar tambayar ita ce aikau. Irin waɗannan ba abin da ke sauyawa:

(9) Who wrote this letter?
Do you know who wrote this letter?

(10) Who is in charge here?
Could you tell me who is in charge here?

Ɗalibin da ya haddace cewa is takan koma ƙarshe zai iya wuce gona da iri ya ce "who in charge here is", wanda ba magana ba ce. Hanyar gwaji mai sauƙi ita ce a ƙirƙiri amsa. Amsar (10) ita ce "Mary is in charge", inda Mary ta zauna daidai gurbin who, don haka ba a taɓa jerin. Amsar (1) kuwa ita ce "That man is John", inda John ya faɗa ƙarshe, wanda ya nuna "that man" ne aikau, shi ya sa is ta bi bayansa.

4.0 Tambayar I ko A'a: "if" da "whether"

Tambayar da amsarta i ce ko a'a ba ta da kalmar tambaya da za ta riƙe ta. Saboda haka idan za a cusa ta cikin wata jimla sai an kawo mahaɗi, ko dai if ko whether, waɗanda ke yin aikin da "ko" ke yi a Hausa:

(11) Is she married?
Do you know if she is married?
Ko ka san ko tana da aure?

(12) Did he pass the examination?
I wonder whether he passed the examination.

A mafi yawan wurare ɗaya na iya maye gurbin ɗaya, sai dai if ta fi yawa a hira, whether kuma ta fi dacewa da rubutun hukuma. Amma akwai wurare huɗu da whether kaɗai ke shiga: bayan ƙananan kalmomi irin su about da on, kamar a "We talked about whether he was honest", gaban to mai bin aikatau, kamar a "I don't know whether to trust him", inda "or not" ta biyo nan take, kamar a "whether or not he agrees", da kuma inda gangar ta zo farkon jimla a matsayin aikau, kamar a "Whether he will come is doubtful." Asalin ma'anar whether a tsohon Ingilishi shi ne "wanne daga cikin biyu", kuma har yau wannan ƙamshi na zaɓi bai rabu da ita ba.

Akwai wani ruɗani a tattare da if wanda Hausa ba ta da shi. Jimlar "Let me know if she comes" tana iya nufin "sanar da ni idan ta zo", wato sharaɗi, in ba ta zo ba ka yi shiru. Tana kuma iya nufin "sanar da ni ko ta zo", wato ina son labari ko ta zo ko ba ta zo ba. Hausa ta raba "idan" da "ko", Ingilishi kuwa ya haɗa su a kalma ɗaya. Mai son kauce wa shubuha sai ya yi amfani da whether idan ma'ana ta biyu yake nufi.

5.0 Abubuwan da Akan Tambaya Game da Mutum

Sanin jerin kalmomi bai wadatar ba, domin akwai tambayoyi masu kama da juna a baki waɗanda amsoshinsu suka yi hannun riga. Ga su nan a sigar kaikaice, tare da abin da kowace ke nema:

(13) Do you know who he is?
Ana neman sunansa ko matsayinsa.

(14) Do you know what he does?
Ana neman sana'arsa.

(15) Can you tell me what he is like?
Ana neman halinsa: mai haƙuri ne ko mai zafin rai.

(16) Can you tell me what he looks like?
Ana neman kamanninsa: dogo ne ko gajere.

(17) Do you know what he likes?
Ana neman abin da yake so.

(18) Do you know how he is?
Ana neman labarin lafiyarsa.

Uku daga cikinsu, (15), (16) da (17), duk suna ɗauke da like, amma a (17) kaɗai take aikatau mai ma'anar so. A sauran biyun ma'anarta "kamar". Babban tarkon kuwa yana tsakanin (15) da (18). Bahaushe kan ce "yaya yake?" ya nufi hali, ko kama, ko lafiya, muhallin magana ne ke fayyacewa. Idan ya ɗauki wannan ya ce wa Bature "Tell me how the new manager is", yana son ya ji halin sabon manaja, ba mamaki a amsa masa da cewa manaja yana nan lafiya lau. Haka kuma ba a haɗa how da like a daidaitaccen Ingilishi: ko dai "what he looks like" ko "how he looks", amma ba "how he looks like" ba, duk da yawan jin ta da ake yi a bakin masu koyo.

Idan mallaka ake tambaya, whose ce ke aiki, kuma takan jawo sunan da ke biye da ita su tafi tare: "Do you know whose son he is?", wato ko ka san ɗan wane ne. Haka "how old", "how long" da "which school" ba a raba su: "May I ask how old she is?"

Saura batun who da whom. Ita whom ragowa ce daga zamanin da sunaye da wakilansu ke sauya siga bisa matsayinsu a jimla, kuma tana tsayawa ne a gurbin karɓau. A maganar yau da kullum who ta kusa cinye gurbinta, ƙaramar kalmar da ke tare da ita kuma a bar ta a ƙarshe:

(19) Do you know who she works for?
(20) Do you know for whom she works?

Duka biyun daidai ne. Ta (19) ita ce ta hira, ta (20) ta takardar hukuma ce. Abin da ba ya yiwuwa a rubutu mai kyau shi ne "for who".

6.0 Lokaci da Wakilin Suna a Tambayar Ruwaya

A tambayar ladabi lokacin aikatau ba ya motsi. A tambayar ruwaya kuwa, idan aikatau na babbar ganga yana shuɗaɗɗen lokaci, kamar asked ko wondered, sai na cikin tambayar ya ja da baya taki ɗaya: is ta koma was, has ta koma had, will ta koma would, can ta koma could, shuɗaɗɗe kuma ya ɗauki had.

(21) "Where does Peter work?"
She asked where Peter worked.

(22) "Has he arrived?"
They asked if he had arrived.

(23) "Will you marry her?"
His father asked whether he would marry her.

A (23) an ga yadda you ta koma he, domin mai ruwaya ba shi aka yi wa tambayar ba. Wannan bai zama baƙo ga Bahaushe ba, shi ma haka yake yi. Baƙon abu shi ne ja da bayan lokaci. A Hausa cewa muke yi "Ta tambaya ko Audu yana gida", da "yana" ɗinta yadda aka furta ta tun farko, ko da shekara guda ke nan da yin tambayar. Bature kuwa "She asked whether Audu was at home" zai ce. Sai dai ƙa'idar ba ta da tsanani idan abin da aka tambaya yana nan yadda yake har lokacin ruwaya: wanda aka tambaye shi ɗazu zai iya cewa "She asked where Peter works", ba laifi.

7.0 Mabuɗan Tambaya da Matakan Ladabi

Me ya sa mutum zai bar gajeriyar hanya ya bi doguwa? Masanin falsafar harshe ɗan Amurka, John Searle, ya yi bayani a 1975 a kan maganganun da siffarsu daban, aikinsu daban. "Can you tell me who he is?" a siffa tambaya ce game da iyawar mai sauraro, amma a aiki roƙo ne, kuma wanda ya amsa da "Yes" ya yi shiru, to, ba'a yake yi. Penelope Brown da Stephen Levinson, a nazarinsu na ladabin magana da ya fara fitowa a 1978 aka kuma sake buga shi littafi a 1987, sun nuna cewa irin wannan zagaye yana bar wa mai sauraro ƙofar fita, ya iya ƙin amsawa ba tare da an ji kunya ba. Ga mabuɗan da aka fi amfani da su, daga mai sauƙi zuwa mai nauyi:

Do you know ...?
Can you tell me ...?
Could you tell me ...?
Do you happen to know ...?
May I ask ...?
Would you mind telling me ...?
I was wondering ...

Abin lura shi ne could, would da "was wondering" duk siffar shuɗaɗɗen lokaci gare su, amma ba jiya suke nufi ba. Mai magana yana ja da baya ne a lokaci kamar yadda mutum kan ja da baya da jikinsa a gaban babba. Bugu da ƙari, mind tana bukatar aikatau mai ƙarewa da -ing, kuma ma'anarta damuwa ce, don haka wanda ya yarda zai ba da amsa "No" ko "Not at all" yake cewa, wato ba damuwa.

Wurin da amfanin wannan ya fi fitowa fili shi ne wayar tarho. Sakataren da ya ce wa mai kira "Who are you?" ya yi masa tsawa ke nan a kunnen Bature, ko da bai ɗaga murya ba. Abin da aka saba shi ne "May I ask who is calling?" Wannan ba ya rasa kama da yadda Bahaushe kan dubi baƙo ya ce "Yaya sunan malamin?" ko "Daga ina baƙon yake?", yana magana da shi kamar da wani na uku yake. Hanyoyin sun bambanta, manufar ɗaya ce.

Sai dai ladabin siga ba ya halatta kowace tambaya. A Ingila tambayar mutumin da ba a saba da shi ba shekarunsa, ko albashinsa, ko addininsa, shisshigi ne ko da an naɗe ta da "May I ask". Dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010 ta hana nuna bambanci wajen ɗaukar ma'aikata saboda shekaru, ko addini, ko aure, shi ya sa masu ganawa da masu neman aiki kan guje wa irin waɗannan tambayoyi.

Game da alamar rubutu, babbar ganga ce ke hukunci. Idan mabuɗin tambaya ne, kamar "Do you know", sai a rufe da alamar tambaya. Idan bayani ne ko umarni, kamar "I wonder", "She asked" ko "Tell me", aya ake sawa: "I wonder who she is."

8.0 Dalilin Tuntuɓen Bahaushe

A littafinsa na 1957, Robert Lado ya yi bayanin cewa mai koyon baƙon harshe yakan ɗebo sigogin harshensa na gado ya zuba a cikin sabon. Masu iya magana sun riga shi da cewa kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Amma a nan akwai abin ɗaure kai: Hausa ba ta juya aikau da aikatau a tambaya ko kaɗan. "Audu ya zo" da "Audu ya zo?" jerinsu ɗaya, murya ce kawai ta bambanta su. To, yaya aka yi wanda harshensa ba ya juyi ya zama yana yin juyi a inda Bature ma ba ya yi?

A ganina amsar tana cikin yadda Hausa ke gina tata tambayar kaikaice, kuma hanya biyu take bi. Ta farko ita ce a sa "ko" a gaban tambayar kai tsaye a bar ta yadda take:

(24) Wane ne shi? / Ban san ko wane ne shi ba.
(25) Ina ya tafi? / Ban san ko ina ya tafi ba.

Ta biyu ita ce a sauya kalmar tambayar kanta: "wa" ta koma "wanda", "ina" ta koma "inda", "me" ta koma "abin da", "yaya" ta koma "yadda", "yaushe" ta koma "lokacin da":

(26) Ina yake zaune? / Ka san inda yake zaune?
(27) Me take yi? / Faɗa mini abin da take yi.

A duka hanyoyin biyu abin da ke bayan kalmar tambaya bai motsa ba: "yake zaune" tana nan "yake zaune", "take yi" tana nan "take yi". Wato Hausa tana taɓa bakin tambayar ta bar cikinta, Ingilishi kuwa yana barin bakin ya taɓa cikin. Ɗalibin da ya sha wahala kafin ya haddace "Where does he live?" yakan riƙe ta dunƙule guda, in ya zo cusa ta cikin wata jimla sai ya ɗauke ta ɗungurungum, kamar yadda ya saba yi a Hausa, ya liƙa ta bayan "Do you know".

Hanya ta farko tana haifar da wani kuskuren kuma. Tun da Hausa ta yarda "ko" ta zauna tare da "wa" ko "ina", sai ɗalibi ya fassara ya ce "I don't know if who he is." Ingilishi bai yarda if ko whether su haɗu da kalmar tambaya a ganga ɗaya ba, ɗaya ce ke riƙe ƙofa.

Adalci ne a faɗi cewa juyi a cikin tambayar kaikaice ba ga masu koyo kaɗai ya tsaya ba. A Ingilishin mutanen Ailan ana cewa "I asked him was she coming", kuma Alison Henry ta yi nazarin wannan siga a littafinta na 1995 kan Ingilishin birnin Belfast. Ana jin irinta a karin Ingilishin baƙaƙen fata na Amurka. A wajen waɗannan al'ummu ƙa'idar karin harshensu ce, ba kuskure ba, kamar yadda ba a ce Basakkwace ya yi kuskure don bai yi magana irin ta Bakano ba. Amma mai gyaran takardar jarrabawa da mai karanta wasiƙar neman aiki da daidaitaccen Ingilishi suke awo, kuma shi ne ɗalibi ya zo koyo.

9.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa tambayar kaikaice a Ingilishi tana riƙe kalmar tambaya amma tana sakin jerin tambaya, kuma daga wannan ne faɗuwar do, da shigowar if da whether, da komawar is ƙarshen jimla duk suka samo asali. An kuma nuna cewa tuntuɓen Bahaushe ba daga rashin juyi a harshensa ya taso ba, daga sabonsa ne na cusa tambaya cikin jimla ba tare da ya taɓa cikinta ba.

Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman waɗanda za su riƙe alli nan gaba, ita ce kada a koya wa yaro wannan darasi ta hanyar sa shi ya fara da tambayar kai tsaye sannan ya warware ta, domin a wurin warwarewar ne yake ruɗewa. A sa shi ya fara da amsa. Ya rubuta "He lives in Leeds", ya cire abin da bai sani ba, ya sa where a gaba, sai ya sami "where he lives", sannan ya ɗora mabuɗin da ya dace da wanda yake magana da shi. Da na gwada wannan dabara da ɗaliban da na ambata a farko, na sa su sake rubuta wasiƙar nan, jimlar da ta dawo mini a yawancin takardun ita ce: "Please tell me who he is and where he lives." Ya rage ga masu nazari su faɗaɗa binciken zuwa sauran harsunan da Bahaushe ke koyo, kamar Larabci da Faransanci, a ga ko tuntuɓen a wuri ɗaya yake.